A Jinjina Wa Gwanayen Da Suka Tsara Mana Wurin Jiran Likita

Ƙasar nan ba ta iya godiya ba. Shekara da shekaru ana taruwa a Abuja ana rataya wa 'yan siyasa da attajirai da 'yan ƙwallo lambobin girmamawa, amma ba a taɓa kiran mutanen da suka tsara wuraren jiran likita a asibitocin gwamnatinmu an ce musu ko sannu da aiki ba. Wannan butulci ne, kuma bashi ne a wuyan duk wanda ya taɓa yankar kati. To, ranku ya daɗe, ku da kuka zana, da ku da kuka ba da kwangila, da ku da kuka zo duba aiki kuka ce ya yi, da ku da kuka yanke zare ranar buɗewa aka yi muku tafi, yau ranarku ce. Yaba kyauta tukuici, ga naku.

Mai gajeren tunani zai ce abin da yake gani a barandar asibiti sakaci ne. Ina! Sakaci ba ya zuwa da tsari. Tashi daga Sakkwato ka bi ta Gusau da Katsina, ka ratsa Kano da Dutse, ka gangara Bauchi, ka ƙare a Damaturu: baranda iri ɗaya, benci iri ɗaya, 'yar tagar yankar kati iri ɗaya, har fankar da ta daina juyawa ma iri ɗaya ce. Irin wannan daidaito ba ya samuwa sai da basira da juriya da haɗin kai, abubuwan da ake ta ƙorafin wai mun rasa.

A fara da benci, don shi ne gagarabadau a wannan fage. Na katako ne ko na siminti, babu majingina, babu wurin ɗora hannu. Inda aka waye kuma, kujerun ƙarfen nan ne masu cin mutum uku, a jere daidai inda rana ta fi samunsu. Hikimar a fili take. Mara lafiyan da ya jingina zai iya gyangyaɗi, wanda ya yi gyangyaɗi kuwa zai iya mance ciwonsa na ɗan lokaci, alhali so ake ya shiga wurin likita da ciwonsa cikakke, bai zubar da ko kaɗan a hanya ba. Dattijo mai ciwon baya zai ƙara sanin bayansa. Mai ciki wata tara da ta zo awo za ta gane inda ƙugunta yake. An kuma yi lissafi mai kyau, an ajiye bencin da zai ɗauki kaɗan daga cikin masu zuwa, saura su shimfiɗa ɗankwali ko kwali a ƙasa, wasu su raɓe jikin bango, wasu su wuni a tsaye. Ta haka ake koya wa jama'a ƙanƙan da kai, a kuma ba matasa damar samun ladan tashi su ba tsofaffi wuri. Wane gini ne a ƙasar nan yake samar da lada mai yawa haka da kuɗi kaɗan?

Sai maganar lokaci. A 1985 wani masani da ya koyar a makarantar kasuwanci ta Harvard, David Maister, ya fitar da maƙala a kan halin ɗan Adam idan yana kan layi. Cikin abin da ya bayyana akwai cewa jiran da ba a san ƙarshensa ba ya fi nauyi a zuciya, haka ma wanda ba a faɗi dalilinsa ba, kuma fargaba tana ƙara wa jira tsawo. Bankuna sun ɗauki wannan darasi, shi ya sa a garuruwanmu ɗin nan za ka shiga banki a zaunar da kai cikin sanyi, ka san wanda ke gabanka da wanda ke bayanka. Gwanayenmu su ma sun karanta darasin, sai dai daga ƙasa zuwa sama suka karanta shi. Mutum ya yi sallar asuba ya fito, ya ajiye katinsa a kan tulin katuna, daga nan iliminsa ya ƙare. Bai san ko shi ne na goma ko na ɗari ba. Bai san ko likita ya zo ko yana zagayen ɗakunan kwanciya ba. In ya tambaya a ce masa, "Baba, koma ka zauna, za a kira ka." Yaushe? Allah masani. Ba ya iya fita neman koko, ba ya iya zagayawa, don suna sau ɗaya ake kira, cikin hayaniya, wanda bai ji ba ya koma baya. Can bayan azahar a leƙo a ce, "An tashi, sai gobe," ko a ce wa wata, "Hajiya, ba a ga fayil ɗinki ba." Malamai sun daɗe suna wa'azin haƙuri da tawakkali a kan mumbari, ku kuma kun gina wa jama'a wurin da za su yi jarrabawar a aikace. Madalla da wannan taimako ga addini.

Mu zo kan iska, inda gwanintarku ta fi fitowa. Tun a 1859 ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale ta nanata wa masu gina asibiti batun iska da haske. A 2007 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Rod Escombe suka wallafa abin da suka auna a asibitoci 8 na birnin Lima na ƙasar Peru. Suka gano cewa buɗe tagogi da ƙofofi kawai yana sabunta iskar ɗaki fiye da yadda na'urori masu tsada ke yi. A tsofaffin gine-gine masu dogon rufi da manyan tagogi, iska tana sauyawa kusan sau 40 a awa guda, a sababbi kuwa sau 17. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora guda a kan yadda za a yi amfani da iskar Allah wajen rage yaɗuwar cuta a asibiti. Magani ne kyauta, ba ya buƙatar janareta, ba ya shan dizal. Abin da ba ya cin kuɗi kuwa, wace kwangila za a fitar a kansa? Shi ya sa kuka yi abin da ya dace: rufi ya sauko, taga ta ƙanƙance, wadda ta rage a jingina mata kabad ɗin fayil ko a liƙe ta da kalanda.

A cikin wannan ɗumi ake tara kowa wuri guda. Ga mai tari da ya yi wata biyu yana ramewa, ga jaririyar da aka kawo rigakafi, ga yaro mai ƙuraje da jajayen idanu, ga tsohuwa mai ciwon suga. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka. Ƙwayar ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita. Mashaƙo kuwa, tun ƙarshen 2022 ya ɓarke a ƙasar nan, kuma Kano ce ta fi jin jiki. Duk waɗannan ta numfashi suke bi. Wani zai ce a keɓe wa masu tari gefe guda a waje mai iska, a ba su takunkumi, a fara ganinsu. Wannan ai wariya ce! Ku masu son zumunci ne. A wurinku babu mai komawa gida hannu rabbana: wanda ya zo da cuta ɗaya ya tafi da biyu, wanda ya yi rakiya shi ma a ba shi tsaraba. Bayan mako biyu duk su dawo su sake yankar kati. Ko 'yan kasuwar Kantin Kwari ba su kai ku sanin yadda ake riƙe mai saye ba.

Akwai wani Ba'amurke, Roger Ulrich, da ya ɓata lokacinsa a kan itatuwa. A 1984 ya wallafa bincike a mujallar Science, inda ya duba bayanan mutum 46 da aka cire wa maɗaciya a wani asibiti a jihar Pennsylvania. Rabinsu tagarsu tana kallon itatuwa, rabi tana kallon bangon bulo. Masu kallon itatuwa an sallame su bayan kimanin kwana 8, masu kallon bango sai da suka kusa 9, kuma na farkon ba su nemi maganin ciwo mai ƙarfi da yawa ba. Daga wannan bincike aka ɗora ilimi guda na tsara asibiti bisa hujja. To ku kun hango haɗarin da ke ciki. Asibitin da kallon itace ke rage wa mutane ciwo, ina darajar allura? Sai kuka sa gatari a gindin darbejiyar da kakanninmu suka dasa a harabar, kuka shafe wurin da siminti don motocin manya su sami wurin tsayawa mai tsabta, babu ganye babu kashin tsuntsu. Masu jira kuma aka yi musu rumfar kwano babu silin. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, mai zazzaɓi yana samun gashi kyauta daga sama. Da can sai an tafasa ganye an lulluɓe mutum da bargo ake sirace, yanzu gwamnati ta ɗauke wa talaka wannan wahala.

Babu kuma wanda zai zarge ku da nuna bambanci tsakanin cuta da cuta. A Malawi, a asibitin Queen Elizabeth na Blantyre, likitar yara Elizabeth Molyneux da abokan aikinta sun sauya tsarin karɓar yara a 2001. Suka sa ma'aikaci a bakin ƙofa yana duba kowane yaro da zarar an shigo da shi, wanda numfashinsa ke sarƙewa ko yake jijjiga a wuce da shi kai tsaye, wanda zai iya jira ya jira. Mace-macen yaran da aka kwantar suka sauko daga tsakanin kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari zuwa tsakanin kashi 6 zuwa 8. Hukumar Lafiya ta Duniya tana koyar da wannan tsari na tantance gaggawa a ƙasashe da dama. Ku kuwa masu adalci ne: yaron da idonsa ya kafe a bayan uwarsa da ƙaton da ya zo karɓar takardar shaidar lafiya don neman aiki, duk layi ɗaya. In za a tsallake layi, to a tsallake shi ta hanyar da al'ada ta sani, wato mai ɗan'uwa a ciki, ko mai takarda daga wani babba, ko wanda ya san hannun da ake sa wa na goro. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma ku ba ku taɓa ƙin kowa ba. Cewa kawai kuke ya jira. Mai binciken doka ya zo ya nuna inda kuka yi laifi.

Mata su ne suka fi cin moriyar wannan adalci. A 1994 masu bincike Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka bayyana jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mun cika rediyo da faɗakarwa a kan na farko, muna zargin maza da surukai da ungozoma. Mun yi ta kuka a kan na biyu, muna zargin hanya da rashin mota. Na ukun kuwa kun riƙe shi amana, ba ku bari kowa ya taɓa muku ba. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ba kowace ƙasa ce ke samun irin wannan kaso a wani abu ba, kuma rashin adalci ne a ce barandarku ba ta da hannu a wannan matsayi.

Banɗaki ma an yi masa tunani. Yana nan, an gina, an yi masa fenti, an sa masa kwaɗo, makullin yana wurin wanda ya fita. Da an bar shi a buɗe da ya lalace, kuma dukiyar gwamnati amana ce. Mai ciki da fitsari ke matsa wa, da mai ciwon suga, da yaro mai gudawa, ga bayan katanga nan Allah ya yalwata shi. Famfo ba ya kawo ruwa, saboda haka mai fiyawata da mai hayar buta sun sami abin yi, ga shi kun rage zaman banza. Batun wanke hannu da sabulu kuwa an rubuta shi a takarda mai launi an manna a bango, kuma duk mai hankali ya san karanta abu rabin aikata shi ne.

Ana yawan kukan cewa hukumomin gwamnati suna ɓoye-ɓoye. A zo a ga inda babu rufa-rufa. A tagar kati ake tambayar mace, da murya mai kaiwa ƙarshen baranda, "Me ke damunki?" Ita kuma, da aka rene ta a kan kunya, sai ta faɗi matsalarta ta mata a gaban maƙwabcinta da yaron shagon mijinta, ko ta ce ciwon kai ne a rubuta mata maganin ciwon kai ta koma da abinta. Asibitin da kowa ya san ranar da ake ganin masu wace cuta, da kuma bencin da suke zama, ya hutar da 'yan gulma yawon neman labari. A watan Yulin 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin mara lafiya, wadda ta ƙunshi haƙƙin sirri, da na mutunci, da na samun wuri mai tsabta da aminci. Takarda ce mai kyau, kuma kun kiyaye ta ƙwarai, ba ku bari aiki da ita ya tsufar da ita ba. Alamomin da ke nuna hanyar ɗakin gwaji da na magani da na hoto su ma da Turanci kuka rubuta su, don baƙauyen da ya zo da mahaifiyarsa a goye ya zaga asibitin sau uku, ya ƙaru da ilimi, ya motsa jini. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su samar da hanyar keken guragu. Wa'adin ya cika ya wuce, matakala na nan daram, domin kada a hana Musulmi ladan ɗaukar ɗan'uwansa.

Kada wani ya zo ya ruɗe ku da labarin wasu ƙasashe. Wai a 1993 wata mata a Sikotland, Maggie Keswick Jencks, an faɗa mata cewa ciwon dajinta ya dawo, sannan aka fitar da ita wani lungu marar taga ta zauna da wannan labari. Abin ya tsaya mata a rai har ta ƙarar da sauran kwanakinta tana tsara wurin da mai ciwon daji zai zauna cikin haske da shuke-shuke, da tebur da butar shayi, a yi masa magana a matsayin mutum. Ta rasu a 1995, aka buɗe cibiya ta farko da sunanta a Edinburgh a 1996, yau suna da yawa a Birtaniya. Zama ɗaya a lungu ya jawo duk wannan! Mu da muke zama a lungu tun daga haihuwa har tsufa, wa ya ji mun yi ƙorafi? In kun ce wannan shagwaɓar Turawa ce, za a kawo muku Ruwanda, inda aka buɗe asibitin Butaro a 2011, aka gina shi da dutsen yankin da hannun mutanen yankin, aka fitar da hanyoyin wucewa da wuraren zama waje don iska ta riƙa ratsawa. Za a kawo muku Burkina Faso, inda Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando, ya gina asibiti a garin Léo da tubalin ƙasa da rufin da aka ɗaga sama don zafi ya fice, mutumin da a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gini. Ku toshe kunne. Waɗannan ƙananan ƙasashe ne, ba su da man fetur, dole su yi ta wahalar tunani.

Masu son tarihi kuma za su ce Musulmi sun riga kowa. Za su ambaci asibitin da Sarki Nuruddin ya gina a Dimashƙa a 1154, mai fili a tsakiya da tafkin ruwa, da wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, wanda waƙafi ke ɗaukar nauyinsa ana duba mutane kyauta. Wasu ma za su dawo gida su nuna muku zaure. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa mai jira baƙo ne: ya gina masa ɗaki mai kaurin bango da dogon rufi da sanyi ko a tsakiyar bazara, ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo masa ruwa kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi, ya aika yaro ya ce masa maigida na fitowa. Ya kuma ƙara da cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Duk wannan zamanin da ne. Ci gaba shi ne a bar abin da kakanni suka sani, kuma ku kun ci gaba sosai.

Tattalinku ma abin koyi ne. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Sunan babban birninmu yarjejeniyar take ɗauke da shi, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wannan kaso ba, yawancin shekaru a kewayen kashi 5 take yawo. Mai masauki ai ba ya rige baƙi cin abinci. Ɗan abin da ya samu kuma kun san inda ya fi dacewa da shi: doguwar ƙofar shiga mai tayil, da allo mai hoton mai girma, da fenti a bangon da ke kallon titi. Kada kuma a ce ba ku san yadda ake tsara wurin zama mai daɗi ba. A hau bene a leƙa ofishin shugaba: kujeru masu laushi, labule, firji, na'urar sanyaya ɗaki, banɗaki mai ruwa. A leƙa ɓangaren masu biyan kuɗi na musamman a cikin asibitin nan dai. Ilimin yana nan, kun dai san wanda ya cancanta.

Babban abin da ya fi burge ni shi ne sadaukarwarku. Duk wannan ni'ima da kuka tanada, ba ku taɓa yin rububinta da talaka ba. Ba a taɓa ganinku a kan bencin ba, ku ko 'ya'yanku. In ciwo ya zo sai ku haƙura ku ɗauki wahalar jirgi zuwa Landan ko Dubai ko Alƙahira ko Indiya, don dai ku bar wa jama'a wuri. A 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan. A watan Oktoban shekarar uwargidansa, A'isha Buhari, ta fito fili ta koka cewa asibitin fadar shugaban ƙasa ba shi da sirinji, na'urar hotonsa kuma ba ta aiki. In asibitin fada haka yake, talakan Ƙaura Namoda ya san ba a fifita kowa a kansa ba, sai ya ƙara godiya.

Dabarar da ta fi kowace zurfi ita ce yadda kuka tsara wurin ta yadda fushi ba ya hawa bene. Mutumin da ya wuni a rana da yunwa da fargaba, wa zai gani ya sauke a kansa? Nas ɗin da ta kwana a tsaye ita kaɗai a ɗaki cike da marasa lafiya, ko mai yankar kati da ke amsa tambaya ɗaya tun safe, ko likitan da zai ga jerin mutanen da ya fi ƙarfin likita uku. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara 5. Waɗanda suka rage su ne ke shan zagi, su ma su rama a kan na ƙasa da su. Gajiyayye ya yi faɗa da gajiyayye, a tashi kowa na cewa malaman asibiti ba su da imani, ku kuma sunanku bai fito ba. Daga ƙarshe mutane su gaji su daina zuwa, su koma kemis da mai maganin da ke talla da lasifika a bakin kasuwa, ba za a sake ganinsu ba sai ranar da aka kawo su ranga-ranga. Cunkoso ya ragu ke nan ba tare da an ƙara ko gado ɗaya ba. Wannan in ba baiwa ba, mece ce?

Iyakar yabon ke nan, saura magana tsirara. Jinya daga bakin ƙofa take farawa, kuma mara lafiya ya fi daɗewa a wurin jira fiye da gaban likita. Abin da ake yi masa a can cutarwa ce, wani lokaci kisa ne, kuma talauci ba uzuri ba ne, don abin da ake buƙata bai kai kuɗin motar babban jami'i ɗaya ba. Benci mai majingina wanda zai ishi jama'a. Inuwa ta itace da rufi mai tsawo. Tagogi a buɗe ta ɓangare biyu. Gefe mai iska ga masu tari. Ma'aikaci ɗaya da aka horar a bakin ƙofa yana ware mai gaggawa. Lamba a hannun kowa, da mai fitowa lokaci-lokaci ya faɗi inda aka kwana. Ruwan sha, da sabulu, da banɗaki a buɗe na maza daban na mata daban. Labule ko 'yar tazara a wurin tambaya. Alamomi da Hausa da ajami da hoto. Kafinta da magini da mai dashen itace na garinku sun isa su yi mafi yawan wannan.

Ranka ya daɗe kwamishina, ranka ya daɗe shugaban asibiti, ku zaɓi safiya ɗaya ku zo ba jiniya ba 'yan rakiya, ku yanki kati ku zauna har a kira ku, sannan ku koma ofis ku duba kasafin da ke gabanku. Masu hali da ke neman sadaka mai gudana, ga ta nan a barandar asibitin unguwarku. Kai kuma mai karatu, daina ɗaukar wannan wulaƙanci a matsayin ƙaddara. Ciwo jarrabawa ce daga Allah, amma benci da rufi da kwaɗon banɗaki mutane ne suka yi su, suna da suna da ofis, kuma da kuɗinka aka biya su. Ka tambaye su, a taron unguwa, a rediyo, da ranar da suka zo neman ƙuri'arka.